Zuma ta fara kumfa: a ina mafari zai samo yis, jarka da sauran kayan aiki?

Mai Amya (Doguwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da zuma jarka biyu da na ɗeba bayan saukar ruwan farko. Ta zo da ruwa-ruwa, yanzu kuma ta fara kumfa a sama, in ka sassauta murfi sai ka ji "fus", ƙamshinta ya juya zuwa tsami-tsami. Masu saye sun ƙi ta. Wani ya ce in mayar da ita khal, ya ce da irinta ma Turawa suke yin giyar zuma. Ni dai khal nake so. Me da me zan tanada, kuma a ina ake samu? Hotunan da na gani duk manyan kwalabe ne da wani ƙahon roba a ka, ban taɓa ganin irinsu a kasuwarmu ba.

Hajiya Mai Alkaki: Wa alaikumus salam. Ɗana, me zai sa ka wahala? Ka ɗora ta a wuta kaɗan-kaɗan ta ƙone ruwan, ka kwashe kumfar, ka kawo wa irinmu masu alkaki. Mu ba ruwanmu da kyan gani.

Malamin Kimiyya: Hajiya, in tsamin bai yi nisa ba shawararki ta yi. In ya riga ya kama, wuta ba ta fitar da shi, alkakinki ne zai ɗauka.

Malam Mai Amya, abin da ya faru shi ne ka ɗebi saƙar da ƙudan bai gama rufewa da kaki ba. Zumar da ta nuna ruwanta kan tsaya wajen kashi 17 zuwa 18 cikin 100, ƙa'idar cinikin zuma ta duniya ma ba ta yarda ya wuce kashi 20 ba. Da ya haura haka, yis ɗin da ke cikin zumar tun daga fure sai ya farka ya fara cin sukari. Ga gwaji mai sauƙi: ka auna lita ɗaya a sikeli, ka cire nauyin robar. Zuma mai kyau takan kai kilo 1.4. Taka za ka ga ta gaza.

Kafin mu shiga kayan aiki, ka san cewa hanyar khal da hanyar giyar zuma ɗaya ce har tsakiya. Da farko yis ne zai cinye sukari ya bar barasa da iskar kabon, wannan matakin ba ya son iska ta shiga. Daga nan wasu bakteriya su cinye barasar su mayar da ita tsami, su kuma sai da iska. Mai giya yana tsayawa a zangon farko ya toshe bakin kwalba, mai khal yana wucewa ya buɗe. Saboda haka kayan da za ka saya na zangon farko iri ɗaya ne da na mai giya.

Baban Rahila (Jos): To bari in sa baki, don ni giyar zumar nake haɗawa duk shekara saboda baƙin Kirsimeti, kuma babu abin da na yo oda daga waje in ban da yis.

Mazubi: robar ruwan dispensa, mai lita 19 ɗin nan. An yi ta ne don abin sha, kana ganin abin da ke gudana a ciki, bakinta kuma ƙarami ne. Masu sayar da ruwan sukan sayar da wofinta. In ba ka samu ba, farin bokiti mai murfi sabo fil, ka juya gindinsa ka duba alamar nan mai kusurwa uku, in ka ga lamba 2 a ciki ya yi. Jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa kuwa ka ƙyale ta, ko sau nawa ka wanke man yana nan a jikin robar, zai taso ya kwanta a saman abinka. Wadda aka taɓa zuba fetur, kananzir ko maganin feshi, kada ma ka kalle ta. 'Yan gwangwan za su rantse maka sabuwa ce, hancinka ka tambaya.

Ƙahon robar da ka gani aikinsa ɗaya ne: iska ta fita, kada ta shiga. Ka huda murfi, ka zura siririn tiyo, irin wanda magina suke cika wa ruwa su auna daidaiton gini, ana sayar da shi mita-mita a shagon kayan gini. Ka toshe gefen hudar da kakin zuma, ai kana da shi. Ɗaya bakin tiyon ka nutsa shi a kwalbar ruwa. Shi ke nan. Za ka ji yana "ɓul, ɓul" dare da rana. Wasu balan-balan suke ɗaurawa su huda shi da allura, yana yi, amma rana tana cinye shi. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne rufe murfi gam. Roba za ta kumbura ta tsage, kwalba kuma ta tarwatse, gilashi ya watsu a ɗaki.

Sauran: mazurari, ludayin roba ko muciya sabuwa wadda ba ta taɓa tuwo ba, farin ƙyalle na tacewa, da wani tiyon daban na zuƙe ruwan sama a bar guggubi a ƙasa.

Ɗalibin Zariya: Ina neman afuwar shugaban zaure, amma ba zan iya shiru ba. Wannan abin da ake bayaninsa ba sabon abu ba ne. Mutanen Yaman suna yin sa tun zamanin Manzon Allah (SAW), sunansa bit'u, tsimin zuma. A Bukhari da Muslim, Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa an tambaye shi game da shi, ya ce duk abin sha da yake bugarwa haramun ne. Kuma a Muslim, Anas (RA) ya ruwaito an tambaye shi ko a mayar da giya khal, ya ce a'a. To Malam Mai Amya zai zuba yis da hannunsa, ya jira ta zama giya a ɗakinsa, sannan ya ce khal yake nufi?

Baban Rahila (Jos): Malam, ni tambayar kaya aka yi na amsa. Ban ce kowa ya sha ba.

Ɗalibin Zariya: Ban yi da kai ba Baban Rahila, kai da addininka. Ɗan'uwana Musulmi nake tunatarwa.

Alaramma Mai Goro: Ɗalibi ka kawo rabi ka bar rabi. A Muslim ɗin dai, Jabir (RA) ya ruwaito Manzon Allah (SAW) ya ci gurasa da khal ya yabe shi. Malamai kuma sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta tsarkaka. Saɓanin yana kan wanda ya sa hannu. Hanafawa sun halatta. Shafi'awa da Hambalawa sun ce in an jefa mata wani abu don ta juye, ba ta tsarkaka. Mu Malikawa, a Mukhtasar, littafin fiƙihunmu, an lissafa giyar da aka mayar khal cikin abubuwa masu tsarki, ko da yake game da shi kansa aikin an samu ruwaya fiye da ɗaya daga Imamu Malik. Sannan akwai bambanci tsakanin wanda ya haɗa giya don sha daga baya ya canza shawara, da mai sana'ar khal wanda tun farko khal ya nufa. Akwai ma mafita da aka ruwaito daga Imamu Ahmad: a zuba khal a kan ruwan inabin tun kafin ya tashi, yadda ba zai tsaya a matsayin giya ba. Mai Amya ya je ya zauna da malamin garinsu, ya faɗa masa yadda aikin yake dalla-dalla.

Shugaban Zaure: Madalla. An ji ɓangarorin biyu. Zauren nan na masu kiwon zuma ne, akwai Musulmi akwai Kirista, daga Maraɗi har Gaundare. Wanda yake jihar da ake shari'a, kamar Kano, ya san dokar giya da aikin Hisba, ba sai an faɗa masa ba. Mu koma kan kaya.

Malamin Kimiyya: Alaramma, dabarar nan ta zuba khal tun farko tana aiki, kuma kusan haka kakanni suke yi ba tare da sun sani ba: tukunya a buɗe, yis da bakteriya suna aiki tare, barasar da yis ya fitar ba ta taruwa sosai, ana cinye ta. Amma in faɗi gaskiya saboda Ɗalibi: babu khal na tsimi da ya samu ba tare da barasa ta ratsa ba, ko kaɗan ce. In kuma aka cika khal da yawa tun farko, tsamin zai danne yis, a zauna wata da watanni da ruwan zuma mai zaƙi. Hanyar ta fi jinkiri kuma ta fi saurin funfuna. Mai so ya fara da lita biyar, kada ya juye jarka biyu a gwaji.

Awon kuwa a nan ne masu khal suke rabuwa da su Baban Rahila. Shi yakan sa zuma kilo 1.5 ya cika da ruwa zuwa lita 5, barasarsa ta kai kashi 11 ko 12. Wannan ya yi wa bakteriyar khal ƙarfi, da ta doshi kashi 10 sai su sare. Mai khal ya sa kilo 1 ya cika zuwa lita 6, ya samu kashi 6 zuwa 7, wanda zai ba shi khal mai tsamin da ya wuce kashi 4 da ake nema a khal na ci.

Maman Walid (Maraɗi): To yis fa? Na burodi zai yi? Shi kaɗai muke da shi a nan.

Baban Rahila (Jos): Ga mai khal, na burodi ya isa har ya yi saura, Maman Walid. Saf-instant ko Angel da ake samu wurin masu kayan kek, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi lita biyar. Kashi 6 ba komai ba ne a wurinsa. Mu masu barin abin a matsayin abin sha mu ne muke neman wani, don na burodi yana barin ƙamshin ƙullu kuma ba ya saurin kwanciya, sai abin ya daɗe a gurɓace. Wanda aka fi sani shi ne Lalvin, na kamfanin Lallemand na Kanada, ƙaramar leda mai giram 5, guda ɗaya tana ɗaukar robar dispensa cike. A shagunan intanet ake samu, ko a ba ɗan'uwa mai dawowa daga waje saƙo, ba shi da nauyi. Amma a lura da lamba. D47 da Turawa suke yabo wajen giyar zuma sanyi yake so, digiri 15 zuwa 20. Mu a Jos cikin hunturu muna samun haka. EC-1118 ya fi juriya, yana aiki har digiri 30.

Mai Amya (Doguwa): Digiri 30? Mu a watan Afrilu ai ko randa ba ta san wannan lambar ba.

Malamin Kimiyya: Shi ya sa lokacin aikin nan hunturu ne, Disamba da Janairu. In dole sai a bazara, ka tsayar da robar cikin baho mai ruwa, ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara a ɗakin ƙasa mai inuwa, iska na busawa tana sanyaya ta. Yis in ya sha zafi yakan fitar da wani wari mai kama da na fenti. Akwai kuma yis ɗin manoman Norway da ake kira kveik, irin na Voss yana aiki har digiri 40, ana sayar da busasshensa. Abin mamaki, ƙasar ƙanƙara ce ta fitar da yis ɗin da ya fi dacewa da Sakkwato. Amma bakteriyar khal su ɗumi suke so, 25 zuwa 30, don haka zango na biyu ba ya ba mu wahala sosai.

Abin da mafari ba ya sani shi ne zuma sukari ce zalla, ba ta da sinadarin naitirojin da yis yake buƙata. Shi ya sa wani zai ga abu ya tashi kwana uku ya mutu, ko ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Masu sana'ar suna zuba DAP na abinci, wani gishiri mai naitirojin. A gida, ka ɗebi yis na burodi cokali ɗaya ko biyu ka tafasa shi a ɗan ruwa ya mutu, ka huce, ka zuba: mataccen ya zama abincin mai rai. Ɗan zabibi da aka yayyanka ma yana taimakawa, ko da yake bai kai wancan ba.

Sarkin Noma Ƙarami: DAP? Ai ina da rabin buhu a rumbu, saura daga damina.

Malamin Kimiyya: A'a Sarkin Noma, don Allah a'a. Sunan ɗaya ne, amma na gona ba a tace shi don ciki ba, yakan zo da gubar ƙarfe irin su kadmiyom daga dutsen da aka haƙo. Na masara ya tsaya a masara.

Bakano a Addis: Ina karantawa ina dariya, don a nan Habasha ba mai tambayar ina ake sayen yis. Tej ake kiran giyar zumarsu, ƙasar kuma ita ce kan gaba a Afirka wajen samar da zuma, mafi yawanta gidajen tej take tafiya. Zuma suke saye da saƙarta da kakinta, ba tatacciya ba, su dama da ruwa, su jefa itacen wani tsiro da suke kira gesho mai ɗaci, su bar yis ɗin da ke jikin zumar da itacen ya yi aikinsa. Wasu har turara mazubin suke yi da hayaƙi. A wata kwalba mai dogon wuya da faɗin ciki, berele, ake kawo shi, launinsa kamar ruwan lemo. Ni ba na sha, amma maƙwabtana suna yi ina gani. Abin da nake so in ce wa Mai Amya: zumarka da ta fara kumfa ai ta zo da yis ɗinta, me za ka saya?

Ɗan Gaundare: Haka Gbaya suke yi a nan Adamawar Kamaru, kuri suke ce wa tasu. Su ma ba sa sayen komai a kanti.

Baban Rahila (Jos): Gaskiya ne, amma masu tej sun gaji tukunyarsu da hannunsu. Yis ɗin daji caca ne, yau ya yi daɗi gobe ya tsaya a rabi. Irin wanda yake tashi a zuma mai kauri ma sau da yawa ba ya jure barasa, yana gajiya da wuri. Mafari ya ƙara na leda a kai, ya san abin da ya zuba.

Maman Walid (Maraɗi): Ni ba ni da amya, saya zan yi. Yaya zan gane ta gaskiya? An ce a tsoma ashana, in ta kama wuta mai kyau ce.

Mai Amya (Doguwa): Nan kuma fagena ne, Maman Walid. Gwajin ashana, da na ɗigawa a ruwa, da na cewa tururuwa ba ta bin zumar gaskiya, duk babu wanda ya tsaya. Sukarin da aka dafa ya yi kauri zai ci gwajin ashana, tururuwa kuwa ta fi kowa son zumar gaskiya. Daskarewa ma ba alamar jabu ba ce, zumar wasu furanni haka take yi da sanyi. Hanya ɗaya ce: ki sayi ta wurin mai amya da kika sani, in da hali da saƙarta, ki matse da kanki. Ki shinshina. Wadda aka ɗebo da wutar kara tana warin hayaƙi, warin nan kuma ba ya fita. Wadda aka matse da 'ya'yan ƙuda a ciki takan yi duhu-duhu, tana saurin lalacewa. Ta wajen da darbejiya ta yi yawa tana da ɗan ɗaci. Ki nemi ta lokacin furen ɗorawa da kaɗanya.

Malamin Kimiyya: Ƙari a kan haka ga masu amya: ruwan da kuke wanke saƙa da shi bayan matsa, kafin ku narka kaki, kada ku zubar. Zuma ce a narke, kyauta. Matsalarsa ba ka san yawan sukarinsa ba, a nan ne haidiromita take shigowa. Ita kaɗai ce na'urar da zan ce a kashe wa kuɗi. Siririn gilashi ne mai lambobi da yake yawo a ruwa, ana samu a shagunan kayan gwaje-gwaje na makarantu da asibiti, ko a intanet. Ka ce mai awo daga 0.990 zuwa wajen 1.160. Haɗin khal ya nuna kusan 1.050 a ranar farko, na su Baban Rahila 1.090. In ya sauko 1.000 ya zauna kwana uku bai motsa ba, yis ya gama, yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu. Kada a ari ta masu cajin batir, awonta daga 1.100 yake farawa kuma ta sha asid. Ma'aunin ruwan zuma da wasunku suke da shi, wanda ake ɗiga wa zuma a leƙa, shi ma ba zai karanta haɗin da aka tsarma ba, don awonsa na zuma mai kauri ne.

Hajiya Mai Alkaki: Yanzu duk wannan lissafin a kan khal? Ni a tulu zan zuba in rufe da faifai.

Malamin Kimiyya: Tulu yana yi a zango na biyu, Hajiya, in sabo ne kuma aka keɓe shi ga khal kaɗai. Abin gudu shi ne tukunyar dalma, bokitin kwano, da duk ƙarfen da yake tsatsa, tsami yana cin su ya shiga cikin abincin. Faifai kuma ba zai tare ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro ba. Ƙyalle mai ƙananan ido za ki ɗaure da roba, mazubin ya zama mai faɗin baki, kada ki cika shi ya wuce kashi biyu cikin uku.

Sai iri, wato abin da zai kawo bakteriyar khal. Farin khal na kanti babu rai a cikinsa. Ki nemi khal ɗin tuffa wanda ba a dafa ba, mai gurɓi-gurɓi a ƙasan kwalba, irin su Bragg da manyan kantuna da wasu shagunan magungunan Musulunci suke ajiyewa. Kofi ɗaya a kan kofi huɗu ko biyar na haɗin. Bayan 'yan makonni za ki ga wata fata mai santsi ta shimfiɗu a sama, ita ce uwar khal, kada ki motsa ta. Funfuna daban take, busasshiya ce mai gashi-gashi, kore ko baƙa, in ita ce a zubar duka. Wata ɗaya zuwa uku khal ya nuna, uwar kuma ta zama irin na gaba.

Baban Rahila (Jos): An manta ruwa da wanki. Ruwan famfo mai warin kulorin a tafasa shi a huce, na burtsatse in ana sha ya yi. Kayan aiki a wanke da sabulu marar ƙamshi, sannan a jiƙa su da ƙwayar Milton ta wanke kwalbar jarirai, ana samunta a kemis. Tafasasshen ruwa kada ya taɓa robar dispensa, wasunsu lanƙwashewa suke yi. Kuma tiyon da ya taɓa khal kada ya koma robar zangon farko.

Ɗalibin Zariya: Ni har yanzu ina kan bakana game da zuba yis da gangan. Amma in ta hanyar da Alaramma ya kawo ce, a zuba khal tun farko, ina so in ji yadda ta kaya.

Maman Walid (Maraɗi): Uwar khal ɗin tana jure tafiya? Kantunan nan ban ga mai gurɓin ba.

Malamin Kimiyya: Tana jurewa. A yanko kamar tafin hannu, a sa a kwalba, a zuba khal ɗinta ya rufe ta, kada ta bushe. Ki roƙi direban ya ajiye ta ƙarƙashin kujera, ba a saman kaya cikin rana ba. Tawa za ta isa yanka nan da mako biyu, ki turo mini sunan tashar da motocin Kano suke sauke ku.